Saƙon Inna na Ranar Laraba

Asabar, 5 ga wata, 4:20 na yamma

Wannan littafin da ragowar takardun da muka yanke a shago na haɗa shi, na sa masa zoben roba irin na aikin ɗalibai. Ban san me ya sa na jefa shi a jaka ba. Ga shi ya yi rana, don ba ni da wanda zan yi wa magana.

A kan benci nake, ƙofar ɗakin da aka kwantar da Inna. Ba a barin mutum biyu a ciki, kuma Auta ne a ciki yanzu. Ƙanina ne, shekara tara na ba shi, a bayana ya girma. Amma tun ranar Laraba, in ya fito in shiga, in na fito ya shiga. Gaisuwa ma sai dai da ka.

Ba zan rubuta abin da ya faɗa mini a wannan barandar ba. Nas biyu sun ji, ya isa.

Wayata tana caji a soket ɗin bayan benci. Sai na tokare igiyar da takalmina ta ɗan karkata hagu sannan take kamawa. Wata mata da ke jinyar mijinta ta kalli tsagewar fuskar, ta kalli robar da na ɗaure bayan da ita, ta ce, “Baiwar Allah, wannan ai ta yi miki bauta, ki sallame ta haka nan.” Na yi mata murmushi. Da ta san inda ta taɓa, da ta kama bakinta.

Lahadi, 6 ga wata, 11:00 na safe

Inna ta buɗe ido. Ta daɗe tana kallona. Leɓenta ya motsa, babu abin da ya fito.

Litinin, 7 ga wata, 1:15 na rana

Na koma shago. Hajiya, uwar ɗakina, ta ce in zauna a gida har ƙarshen sati, na ce a'a. Gara mini ƙarar injin kwafi da shirun ɗakina.

Lokacin miƙa aikin ɗalibai ne, shagon ba masaka tsinke. Wata yarinya ta zo da filas ɗinta na kwamfuta ya ƙi buɗewa, aikin shekara guda a ciki, tana kuka har da majina. Kafin in ankara bakina ya riga ya saki abin da ya saba: “Sau nawa za a gaya muku? Duk abin da kuke so, ku ajiye shi wuri biyu.” Shekara goma sha ɗaya ina yi wa mutane wannan wa'azin. Yau da na faɗa sai na ji kunyar kaina ta rufe ni, na shige bayan injin ina gyara takardar da ba ta maƙale ba.

Akwai saƙon murya guda a wayata da ban buɗe ba. Daga Inna. Laraba, tara da minti sha huɗu na safe. Daƙiƙa hamsin da biyu.

Inna ba ta rubutu. Tun da Auta ya koya mata danna hoton makirfon nan wata shida da suka wuce, ba ta bar ni na huta ba. Safe saƙo, rana saƙo. Wani lokacin sai in bari su taru uku sannan in saurara ina yankan albasa. Ban taɓa goge ko ɗaya ba. Ba don wata hikima ba, ƙyuya ce kawai.

Talata, 8 ga wata, 6:05 na yamma

Hannun dama da ƙafar dama ne suka shanye. Likita ya ce a ba shi lokaci. Na tambaye shi maganar fa, ya ce ita ma a ba ta lokaci, yana faɗa yana kallon fayil.

Kwalin sabuwar wayar yana nan saman kabad inda na ɗora shi wata huɗu da suka wuce. Ko ledarsa ba a cire ba. Duk sanda na buɗe kabad in ɗauki mayafi sai na sunkuyar da kai.

Ranar da Auta ya kawo shi, shigowa ya yi yana washe baki, ya ajiye mini a cinya a gaban Maigida.

“Yaya, ga shi. Ki huta da waccan gawar.”

“Wace ce gawar? Tawa tana kira, tana amsawa. Sabuwar wanki za ta yi mini ko shara?”

“Jiya sau uku na neme ki, a kashe.”

“Rashin aikin yi ne ya dame ka.”

Shi Auta shekara ba ta zagayowa bai canza waya ba. Wai kyamarar wannan ta fi ta waccan. Na ce masa ko kyamara goma aka jera a bayanta, fuskarka dai ita ce fuskarka. Maigida ya yi dariya, shi bai yi ba. Ya sha ruwa ya tafi.

Gaskiyar magana, haushi na ji. Yaron da na wanke wa wando ne zai shigo gidana ya kira abina gawa. Kuma har yanzu ina ganin rabin maganata daidai ce. Ɗayan rabin ne ba na son dubawa.

Laraba, 9 ga wata, 9:30 na safe

Sati guda.

Warhaka ranar ina tsaye a nan ina huda takardun wani ɗalibi. Waya tana cikin aljihun tebur. Da na sa ta, cajinta arba'in da uku yake nunawa. Na san halinta sarai, daga arba'in da biyar zuwa ƙasa ba ta da alkawari, ɗaukewa take ba sallama. Caja tana jakata. Na ce bari in gama wannan. Da na gama wannan sai wani ya zo.

Sha ɗaya da rabi na same ta a mace, na sa caji na kunna ta. Saƙon kamfanin layi ya shigo, an kira ni sau shida. Sai na muryar ya biyo baya. Ban kai ga taɓa shi ba kiran Auta ya shigo.

Daga shagon nan zuwa gidan Inna minti goma ne a ƙafa. Na taɓa yi a bakwai. Auta direba ne, kuma Inna ta ce ita har abada ba za ta kira mai tuƙi ba. Shi ya sa ni take kira.

Maƙwabciyarta ce ta same ta, da ta shiga mayar mata da bokiti. Wayar Inna tana cikin bahon wanki, ta sha ruwa ta mutu. A asibiti likita ya tambayi ƙarfe nawa abin ya fara, ya ce a irin wannan kowace awa tana da nauyinta. Bawan Allah, aikinsa yake yi. Sai Auta ya juyo ya kalle ni.

Na rubuta fiye da yadda na yi niyya.

Alhamis, 10 ga wata, 5:40 na yamma

Wayar ta faɗo daga kan benci. Ni na ja igiyar da ƙafata. Ta kunnu, amma tun daga nan ba ta ƙara kama sabis ba, babu kira, babu data.

Maigida ya ce, “To, ga ta can saman kabad.” Ya kalle ni ya kalle ni, sannan ya buɗe aljihun gado ya ciro tsohuwar ƙaramar wayarsa mai tocila, ya sa mini layina a ciki. Shekara goma sha bakwai muna tare, ya san inda ake tsayawa.

Yanzu waya biyu nake yawo da su. Ɗaya tana kira ba ta da komai a ciki. Ɗaya ba ta kira.

Asabar, 12 ga wata, 2:30 na rana

Na kai ta wurin mai gyara a layin masu waya. Ɗan shago ne a ƙarƙashin matakala, kowa Injiniya yake ce masa. Fitila mai gilashin ƙara girma, tsohon buroshin haƙori, ƙaurin dalma. Ya cire robar a hankali, ya juya wayar, ya jona ta da kwamfutarsa, ya gwada tura abu zuwa tasa wayar. Sau biyu tana ɗaukewa.

“Anti, gaskiya zan gaya miki. Batir ya kumbura, shi ya ɗaga bayan. Bakin cajin ba ya tura komai. Abin kama sabis ya tafi. Da zarar an sa ta aiki mai nauyi sai ta mutu. Me ke ciki da kike so?”

“Muryar mahaifiyata.”

“Allah ya ji ƙanta.”

“Tana da rai.”

Ya ajiye abin kwance sukurunsa, ya ce in yi haƙuri. Ya tambaya ko na taɓa ajiye saƙonnin a wani wuri. Ni, mai wa'azin wuri biyu. Na ce a'a.

Ya ce in ya buɗe ta ya sa mata zafi, tana iya tashi, tana kuma iya tafiya gaba ɗaya a hannunsa, shi kuwa ba zai ɗauki wannan alhakin ba. “Hanya ɗaya ce, ta mutanen da. Ki samu waya mai kyau ki ajiye kusa da ita. Wannan tana magana, waccan tana ɗauka. Ɗaya bayan ɗaya. Amma ki hanzarta, ban ba ta wata guda ba. Kina da wata wayar?”

Na gaya masa irin wadda ke saman kabad. Ya cire gilashinsa.

“Kina da wannan a gida kike yawo da roba? Anti, Allah ya shirye ki.”

Na ce ya faɗa mini tsakani da Allah, sabuwar ta fi ne, ko dai yayi ne. Ya ce shi da tsofaffin wayoyi yake cin abinci, bai kamata ya yi wa kansa zagon ƙasa ba. “Rabin masu canzawa ba su san me suka canza ba. Wani tasa lafiya lau, launi kawai ya gani. Amma waya in ta fara ɗaukewa da kanta, ta gama aikin waya. Saura tausayi.”

Ya mayar mini da robar da kansa, ya ƙi karɓar komai.

A hanya na gane abin da maganarsa take nufi. Sai na buɗe kwalin. Kuma sai na saurare su duka, har da na ƙarshen.

Lahadi, 13 ga wata, 10:10 na safe

Na sauko da kwalin. Na goge ƙurar. Na mayar.

Talata, 15 ga wata, 6:30 na yamma

An kawo wata mai koya wa Inna magana. Yarinya ce mai haƙuri, ta zo da katuna masu hotuna. Kofi. Kujera. Kaza. Inna, wadda in ta fara ba ki labarin mai sayar da mai sai ta bi ta kan kakarsa, ita ake nuna wa hoton kofi ana jira. Ta yi ƙoƙari sau uku, sannan ta kawar da kai bango. Na fita na tsaya wurin famfo.

Da na dawo jakata tana buɗe a kan gado, mai robar ta leƙo. Inna ta ɗaga hannun hagu ta nuna ta. Ta yi wani sauti, ta sake nunawa, tana kallona.

Na ce, “Na'am, Inna. Na gani.” Na rufe jakar.

Ban san me take nufi ba. Ko tambayata take na saurara. Ko wani abu ne. Tsoro nake ji, tsoro sosai. Ina tsoron a cikin daƙiƙa hamsin da biyun nan tana kiran sunana ne tana neman taimako. In haka ne, ban san yadda zan ci gaba da tashi da safe ba.

Laraba, 16 ga wata, 9:20 na safe

Na fita bakin titi na tsaya har tara da sha huɗu ta wuce. Hajiya ta gan ni ta taga.

Juma'a, 18 ga wata, 5:15 na yamma

Yau Auta ya yi mini magana.

Na fito daga ɗakin, maimakon ya shiga sai ya zauna a ɗaya ƙarshen bencin. Yana ta juya wayarsa a hannu, sabuwa fil, mai ido uku a baya.

“Yaya.”

“Na'am.”

“Kina da muryarta?”

Ban gane ba da farko. Ya ce wata biyu da suka wuce ya canza waya. Mai shagon ya tambaye shi ko a kwaso masa tsofaffin saƙonni, zai ɗauki awa guda, shi kuma yana sauri. Ya ce a bar su, tarkace ne. Tsohuwar kuma an goge komai a cikinta an sayar. Tun daga nan kiran Inna kawai yake yi, ita ba ta tura masa saƙo don kar ya saurara yana tuƙi.

“Sau uku na bincike ta. Hoton motoci, hoton takalma, hoton kaina. Babu muryar Inna ko ta daƙiƙa ɗaya.” Ya sa bayan hannu ya goge hanci kamar yadda yake yi yana ƙarami. “Jiya na so in tuna yadda take kiran sunana, na kasa.”

Na ciro mai robar na ɗora a tsakaninmu. Na ce, “Ɗari uku da sha ɗaya.”

Ya daɗe yana kallon ta. Can ya ce, “Abin da na faɗa ranar nan…”

“Gaskiya ka faɗa.”

“Ko gaskiya ce, ba ni ya kamata in faɗa miki ba.”

Na gaya masa abin da Injiniya ya ce. Ban gaya masa na ƙarshen ban buɗe ba. Na ce gobe ya zo gida ya kunna mini wannan abin nasa, tunda ni ban san kansa ba.

Asabar, 19 ga wata, 4:45 na yamma

Ni na yage ledar. Auta ya miƙo hannu zai taya ni, na buge hannun.

Tana da faɗi, tana da santsi, ba ta zama a tafin hannu. Ta nemi ta ga fuskata kafin ta buɗe. Na ce wa Auta ko surukata ba ta yi mini wannan binciken ba. Ya yi dariya, rabon da in ji dariyarsa tun kafin ranar.

Mun rufe tagogi, mun kashe fanka, mun ɗora su biyun a kan matashi, baki da baki. Tsohuwar tana jone da caji, an tokare igiyar da ƙamus ɗin yara. Na ce daga na farko za mu fara, a bi su a jere.

Na manta cewa duk saƙonnin Inna daga tsakiya suke farawa, don tana soma magana kafin ta danna.

“…mini almakashina? Ke kika ɗauka, 'Yar gardama, kar ki ce a'a, na san ki. Shi ke nan, na kashe.”

Na gaba, bayan minti huɗu:

“…gan shi, yana ƙarƙashin matashi. Amma dai ki daina ɗaukar mini kaya. Shi ke nan, na kashe.”

Auta ya cusa fuskarsa a gefen gado don kar dariyarsa ta shiga. Ta shiga. Mun bar ta a ciki.

Duk minti ashirin sai tsohuwar ta yi zafi ta ɗauke, mu jira ta huce. Arba'in da shida muka yi. Da muka saurari abin da sabuwar ta ɗauka, har tarin Inna da kukan kazar maƙwabta sun fito tas. Na ce, “To, ba laifi.” Auta ya ce a rubuta wannan ranar a tarihi. Ga shi na rubuta.

Litinin, 21 ga wata, 6:50 na yamma

Ɗari da arba'in. Yana zuwa in ya ajiye mota, mu yi abin da ya sawwaƙa kafin yara su cika gidan da hayaniya.

Ashe rabin saƙonnin a kan Auta ne. Ya rame. Ba ya cin abinci a kan lokaci. Ki yi masa magana, ke yake ji. Ni na manta da su, shi bai taɓa jin su ba. Yau ya tashi a tsakiyar wani ya fita tsakar gida, na ci gaba ni kaɗai.

Sabuwar ta yini tun safe tana saba'in da ɗaya. Sau goma na duba. Ban yarda da ita ba tukuna.

Laraba, 23 ga wata, 3:00 na rana

An sallami Inna. Gidana muka kawo ta, ɗakin da ke kusa da banɗaki. Matar Auta za ta riƙa yini da ita in ina shago. Inna ta kalli labulen, ta taɓe gefen bakinta mai motsi. Ba ta taɓa son labulen nan ba. Na ji daɗi har cikin raina.

Saura talatin da biyu.

Alhamis, 24 ga wata, 8:05 na safe

Ta ƙi kunnuwa.

Alhamis, 1:40 na rana

Har yanzu. Na canza igiya, na canza soket, na danna har yatsana ya yi ciwo. Na ɓata aikin mutum biyu, na huda takardu ta gefen da ba shi ba. Hajiya ta karɓi injin ta ce in zauna.

Ni na ce a fara daga na farko. Na ce tsari ne. Ƙarya nake, gudu nake yi. Na ajiye almakashi da kukan kaza, na bar wanda ya kamata in fara da shi. Sau biyu ke nan, da waya ɗaya, ina cewa bari in gama wannan.

Juma'a, 25 ga wata, 7:10 na safe

Jiya biyar saura ta kawo haske, a kan tebur, ba wanda ya taɓa ta. Na kira Auta na ce duk inda yake ya ajiye mota ya zo. Da ya iso na gaya masa akwai na ranar Laraba, kuma ban taɓa buɗe shi ba. Ya rufe taga, ya danna ɗauka a sabuwar. Saƙon kuwa ni na danna.

Zan rubuta shi kamar yadda yake. Wuri biyu.

“…ta kiran ki ba ya shiga. Wannan wayar taki dai. Ba wani abu ba ne, kar ki taso a guje ki bar wa mutane aikinsu. Hannuna ne ya yi nauyi, kofi ya suɓuce mini. In kin samu sarari ki leƙo. Kar ki gaya wa Auta, yana kan hanya.” Sai ta ɗan yi shiru, ana jin numfashinta. “Kuma 'Yar gardama, ki buɗe wayar nan da yaron nan ya kai miki. Ya zo nan ya zauna kamar zai yi kuka, wai kin raina shi. Na ce ya ƙyale ki, halin ubanku ne, za ki sauko. To ki sauko haka nan. Shi ke nan, na…”

Kalmar ƙarshen ba ta fita daidai ba.

Ba ta yi kuka ba, ba ta kira sunana da tsoro ba. Na gode wa Allah da wannan. Amma na duba lokutan kiran tun ranar farko, na haddace su. Biyu kafin saƙon. Huɗu bayansa. Wannan nawa ne, ba wanda zai ɗauke mini shi, kuma ba na so a ɗauke.

Auta ya riƙe hannuna. Mun yi kuka a hankali don tana ɗakin gaba. Sannan muka share ido muka ci gaba, muka samu sha tara kafin ta sake ɗaukewa.

Asabar, 26 ga wata, 12:00 na rana

Wayar ba ta ƙara tashi ba. Sha biyu sun tafi da ita, ban san me ke cikinsu ba.

Na cire robar. Na sa ta a kwalin sabuwar, ta yi masa ƙanƙanta. Na mayar saman kabad. Sauran na tura wa Auta, na tura wa Maigida, na sa a kwamfutar shago, na sa a filas guda biyu. Hajiya ta ce saura in buga su a takarda in yi musu bango.

Lahadi, 27 ga wata, 5:30 na yamma

Na zauna kusa da ita na ce, “Inna, na ji saƙonki. Na sauko.” Na nuna mata sabuwar. Ta karɓa da hagu, ta juya ta, ta kalle ni. Sai ta ɗan buge ni da ita a gwiwa.

Auta ya karɓo mata layinta. Ya sa shi a tasa wayar mai ido uku, ya cire komai daga fuskar, ya bar hotona babba a tsakiya, in ta taɓa sai kira. Shi kuma ya ɗauki mai tocilar Maigida. Na ce, “Auta, kai ne da wannan?” Ya ce, “Tana kira, tana amsawa.” Na jefe shi da matashi.

Talata, 29 ga wata, 10:25 na safe

Yanzu a kan tebur nake ajiye sabuwar, kusa da injin huda, ƙarar a ƙure.

Goma saura kwata ta yi ƙara. Layi har bakin ƙofa, takardun wani a hannuna. Na ga sunan. Ban san lokacin da na saki takardun ba, kafin ƙara ta biyu na ɗauka.

“Inna?”

Numfashi kawai. Can nesa ina jin matar Auta tana wanke-wanke, ke nan lafiya lau, ita ta taɓa hoton da kanta.

Na ce ina jin ki, Inna. Na juya wa layin baya. Na gaya mata shagon ya cika, injin ya sake cin takarda. Na ce labulen nan ranar Asabar zan canza shi. Na ce almakashinta yana wurina, wannan karon da gaske ni na ɗauka. Ta yi wani ɗan sauti, na san faɗa ne. Na ce to, zan dawo da shi.

Labarina ya ƙare, muka yi shiru tare. Wani ɗalibi ya fara ƙorafi, Hajiya ta ce masa ya jira ko ya nemi wani shagon.

Minti shida. Ban kashe ba, na jira har ita ta kashe.